Rajistar Coci da Takardar Koyon Sana'a: Bin Sawun Asali a Tsohuwar Ingila

Binciken salsala, wato bin nasabar mutum daga iyaye zuwa kakanni har inda shaida ta ƙare, yana tafiya da sauƙi a ƙasar Ingila muddin mai binciken bai koma baya da shekarar 1837 ba, domin daga 1 ga Yulin wannan shekara ne gwamnati ta ɗauki nauyin rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma ƙidayar jama'a ta 1851 ta tambayi kowane mutum garin da aka haife shi. Wahalar tana farawa ne idan kakan da ake nema ya rasu kafin a yi wannan tambaya, musamman idan an same shi ya yi aure ya haifi 'ya'ya a wani gari amma babu alamar an haife shi a can. A irin wannan hali mai bincike yana dogara ne da takardu iri biyu, rajistar coci da takardun koyon sana'a, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka rubuta domin jikoki su san asalinsu. An rubuta su ne saboda gado da haraji da haƙƙin kasuwanci, da kuma gardamar wanda zai ciyar da matalauci, kuma wanda bai fahimci dalilin rubuta takarda ba, da wuya ya san abin da za ta iya faɗa masa da abin da za ta yi shiru a kai.

Tushen al'amarin shi ne gundumar coci, wato yankin da coci ɗaya da limaminsa suke kula da shi, wanda kan zama ƙauye ɗaya da gonakinsa a kudancin ƙasar, ko ƙauyuka da yawa a arewa, ko 'yan layuka kaɗan a cikin birnin Landan. A da akwai irin waɗannan gundumomi wajen 10,000, kuma aikinsu ya wuce na ibada, domin su ne ƙaramar hukumar da ke gyaran hanya, da tara kuɗin tallafi, da kula da marayu. A watan Satumba na 1538, jim kaɗan bayan Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Fafaroma, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni cewa kowane limami ya riƙa rubuta duk baftisma da aure da jana'izar da aka yi a gundumarsa, baftisma kuwa ita ce wankan shigar da jariri cikin addinin Kirista, wanda a wancan zamani ake yi kwanaki kaɗan bayan haihuwa. Umarnin ya ce a yi rubutun kowace Lahadi a gaban ɗaya daga cikin wakilan jama'ar coci, a ajiye littafin a cikin akwati mai makulli biyu, kuma duk wanda ya yi sakaci a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Talakawa sun karɓi umarnin da zargi, domin sun ɗauka share fage ne na sabon haraji, limamai da yawa kuma sun yi rubutun a kan warwatsattsun takardu waɗanda danshi da ɓeraye suka cinye.

Saboda wannan asara ne aka sake doka a 1598, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka ce a riƙa yin rubutun a littafin fata, wato fatar tunkiya ko ta maraƙi da aka jeme aka kankare har ta karɓi tawada, kuma a kwafe tsofaffin bayanai a cikinsa, musamman daga shekarar da sarauniyar ta hau mulki. Magatakarda da yawa sun riƙe wannan kalma ta ƙarshe suka fara kwafi daga 1558, suka bar shekaru ashirin na farko, abin da ya sa rajistocin da suka kai 1538 ba su da yawa a yau. Dokar ta kuma wajabta a aika wa bishof, shugaban limaman lardi, kwafin bayanan kowace shekara, kuma wannan kwafi na biyu ya ceci tarihin gundumomi da dama waɗanda gobara ko ruwa ya lalata littafinsu na asali. Shahararren bayanin da ke nuna an yi wa William Shakespeare baftisma a garin Stratford ranar 26 ga Afrilu 1564 yana cikin irin wannan littafi ne da aka kwafe shekaru talatin da wani abu bayan faruwar abin, kuma bai faɗi ranar haihuwa ba, bai ambaci sunan uwa ba, sai sunan jariri da na uba a cikin harshen Latin. Ranar 23 ga Afrilu da ake bikin haihuwarsa ƙiyasi ne na mutanen baya.

Wannan ƙarancin bayani shi ne halin yawancin rajistoci har ƙarshen ƙarni na 18. Shafi ɗaya yakan haɗa baftisma da aure da jana'iza a cakuɗe, kowane bayani layi ɗaya ko biyu, da rubutun hannu mai gajarce kalmomi wanda sai an koye shi kafin a iya karantawa, kuma sunan dangi ɗaya yakan fito da haruffa iri uku ko huɗu, domin magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne daga bakin mutanen da ba su iya karatu ba. Sunayen yanka ma ba su da yawa, har ta kai John da William da Thomas kaɗai sun ɗauki kusan rabin mazan ƙasar, kuma iyaye sukan mayar wa sabon jariri sunan wansa da ya rasu, ta yadda mai bincike da bai duba jerin jana'iza ba yana iya ɗaukar yaron da aka binne yana wata shida a matsayin kakansa. Ga kuma giɓin yaƙin basasa, daga 1642 zuwa 1660, lokacin da aka kori limamai da yawa, aka kuma miƙa aikin rajista ga wani jami'in da ba limami ba a 1653, bayanai suka ɓace a wurare da dama. Kalandar ma tana da nata tarkon: har zuwa 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka ma'auratan da aka ɗaura wa aure a Mayun 1720 aka yi wa ɗansu baftisma a Fabrairun 1720 ba su yi wani abin kunya ba, domin Fabrairun yana zuwa ne wata tara bayan Mayun. A Satumbar 1752 kuma aka tsallake kwana goma sha ɗaya, aka kwanta ranar 2 ga wata aka tashi ranar 14.

Gyare-gyare sun zo a hankali, kowanne da dalilinsa na kuɗi ko na shari'a. Dokokin 1666 da 1678 sun tilasta a yi wa mamaci likkafani da ulu domin a raya masaƙun ƙasar, tare da tarar fam biyar ga wanda ya saɓa, shi ya sa ake ganin alamar rantsuwa a gefen bayanan jana'iza na wancan lokaci. Dokar aure da ta fara aiki a 1754, wadda ake dangantawa da babban alƙali Hardwicke, an yi ta ne domin hana auren ɓoye da ake ɗaurawa a kewayen kurkukun Fleet na Landan, inda masu kwaɗayin dukiya kan yaudari magada, kuma ita ce ta kawo littafin aure na musamman mai sa hannun ango da amarya da shaidu biyu. Sunayen waɗannan shaidu suna da daraja ƙwarai, domin sau da yawa 'yan'uwa ne, kuma sa hannun ango abu ne da za a iya kwatantawa da wani sa hannu a wata takarda. Daga 1783 zuwa 1794 an ɗora harajin taro a kan kowane bayani, aka yafe wa matalauta, sai ga adadin waɗanda aka rubuta a matsayin matalauta ya ƙaru a wasu gundumomi, wasu iyayen kuma suka jinkirta baftisma har aka janye harajin. Sai a 1813 ne aka samar da bugaggen littafi mai gurbin sunan uwa da sana'ar uba da mazauni, da shekarun mamaci. Kafin nan wani limami a birnin York mai suna William Dade ya ɓullo da tsarin rubuta har sunayen kakanni da garuruwansu, kuma babban bishof Markham ya yaɗa shi a lardinsa daga 1777, amma tsarin bai game ƙasa ba, bai kuma daɗe ba saboda yawan aikin da yake ɗora wa magatakarda.

Babbar matsalar rajistar coci ita ce tana shaida cewa mutum ya kasance a wuri a wata rana, amma ba kasafai take faɗin inda ya fito ba, alhali mutanen Ingila na wancan zamani ba mazauna wuri ɗaya ba ne kamar yadda aka daɗe ana zato. Masanin tarihi Peter Laslett ya kwatanta jerin mazauna ƙauyen Clayworth guda biyu da limamin wurin ya rubuta a 1676 da 1688, ya tarar cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙauyen sun sauya cikin shekaru goma sha biyu, wasu ta hanyar mutuwa da haihuwa, da yawa kuma ta hanyar ƙaura. Samari da 'yan mata sukan bar gida tun suna 'yan shekara goma sha, su yi barantaka a gonakin wasu da yarjejeniyar shekara ɗaya, su yi aure a gari na uku ko na huɗu. Rayuwar matuƙin jirgin ruwa James Cook ta nuna wannan a fili. Mahaifinsa ɗan ƙodago ne daga Ednam a ƙasar Sikotland, ya yi aure a Stainton a 1725, aka yi wa James baftisma a Marton ranar 3 ga Nuwamba 1728, iyalin suka koma Great Ayton a 1736, yaron ya yi tsaron kanti a Staithes, daga nan ya shiga koyon aikin jirgin dakon kwal a hannun John Walker na garin Whitby a 1746, ya kuma yi aure a Barking kusa da Landan a Disambar 1762. Da a ce bai yi suna ba, wanda ya tarar da aurensa a Barking ba shi da wani dalilin da zai sa ya nemi baftismarsa a wani ƙauye mai nisan fiye da mil ɗari biyu, kuma abin da ke haɗa wuraren biyu shi ne shekarun koyon sana'arsa.

Dokar masu sana'a ta 1563 ta shimfiɗa cewa babu wanda zai buɗe shagon sana'a sai ya yi aƙalla shekara bakwai yana koyo a ƙarƙashin maigida, kuma wannan sharaɗi ya zauna a littafin doka har 1814. Ana ƙulla koyon ne da takardar alkawari wadda ake rubutawa sau biyu a kan fata ɗaya, sannan a yanka tsakaninsu da layi mai lanƙwasa ko mai haƙora kamar na zarto, maigida ya riƙe rabi, uban yaro ya riƙe rabi, ta yadda idan gardama ta tashi sai a haɗa bakin yankan biyu a ga ko sun dace. A cikinta maigida yana ɗaukar alkawarin koyar da yaro sirrin sana'a, da ba shi abinci da abin sha da wurin kwana da sutura, yaron kuma yana alkawarin ba zai yi aure ba, ba zai yi caca da karta ko ɗan lido ba, ba zai riƙa zuwa mashaya ba, ba zai tona asirin maigidansa ba, kuma ba zai bar gidan ba dare ko rana sai da izini. Wanda ya san yadda ake miƙa yaro ga maƙeri ko tela ya zauna a hannunsa har a yaye shi zai gane ruhin wannan tsari, sai dai a Ingila an mayar da amanar rubutacciya mai hatimi. Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman asali yana layin farko na takardar, inda ake ambaton sunan yaro, da sunan mahaifinsa, da sana'ar mahaifin, da garin da yake zaune, da kuma ko yana raye ko ya rasu.

Yawancin waɗannan takardu sun ɓace tare da iyalan da suka riƙe su, amma a birane an kwafe bayanansu cikin littattafan ƙungiyoyin sana'a. A Landan ta wancan zamani kowace sana'a tana da ƙungiyarta, kamar ta maƙeran zinariya da ta masu sayar da yadi da ta masu kifi, kuma ba a samun 'yancin gari, wato izinin buɗe shago da ɗaukar yara da jefa ƙuri'a a harkokin birni, sai ta ɗaya daga hanyoyi uku: kammala koyo, ko gadon uba ɗan ƙungiya, ko biyan kuɗi. Tun da yake birnin yana cin rayuka fiye da yadda yake haifarwa saboda annoba da cunkoso, yawancin yaran koyo baƙi ne daga larduna, don haka littattafan ƙungiyoyin suka zama taswirar ƙaura. Littafin ƙungiyar masu ɗab'i da sayar da littattafai ya nuna cewa a 1579 an ɗaure wani Richard Field, ɗan Henry Field majemi na garin Stratford, ga George Bishop na tsawon shekara bakwai, bisa sharaɗin ya yi shida na farko a wurin Thomas Vautrollier, Bafaranshen da ya yi hijira saboda addini. An yaye Field a 1587, ya auri matar Vautrollier bayan rasuwarsa, ya gaji maɗaba'ar, kuma shi ne ya buga littafin Shakespeare na farko a 1593. Layi ɗaya na littafin ƙungiya ya mayar da mai ɗab'in Landan zuwa rajistar Stratford, inda aka yi masa baftisma a 1561, ya kuma bayyana dalilin da ya sa marubucin ya kai aikinsa gare shi, domin 'yan gari ɗaya ne, kuma mahaifin Shakespeare yana cikin waɗanda suka ƙiyasta dukiyar Henry Field bayan ya rasu a 1592. Sai dai yara da yawa ba su kammala wa'adinsu ba, wasu sun gudu, wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu da abin da suka koya, saboda haka rashin ganin suna a jerin waɗanda aka yaye bai nuna cewa mutum bai yi sana'ar ba.

Yaƙe-yaƙen zamanin Sarauniya Anne sun haifar da wata taska ta daban. Daga 1710 gwamnati ta ɗora haraji a kan kuɗin koyo, wato abin da uba ke biyan maigida, sisi a kan kowace fam idan kuɗin bai wuce fam 50 ba, sule ɗaya a kan kowace fam idan ya wuce, kuma littattafan masu karɓar harajin, waɗanda suka ci gaba har 1811, suna nan a babbar ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew. Suna ɗauke da sunan maigida da sana'arsa da garinsa, da sunan yaro, da tsawon wa'adi, kuma har wajen 1752 suna ambaton uban yaron, bayan nan magatakarda suka daina. Mawaƙi kuma mai zane William Blake, wanda aka yi wa baftisma a cocin St James na Piccadilly a Disambar 1757, an ɗaure shi ga James Basire mai zane a kan farantin tagulla a Agustan 1772 na shekara bakwai, kan fam 52 da sule 10, kuɗin da ya haura iyakar fam 50 har harajinsa ya kama fam biyu da sule goma sha biyu da sisi. Adadin kuɗin koyo yana nuna ƙarfin aljihun iyali, domin na ɗinkin takalma a ƙauye yakan tsaya a 'yan famfamai, na babban ɗan kasuwa a Landan kuma yakan kai ɗaruruwa. Amma duk wanda ya koyi sana'a a hannun mahaifinsa ba tare da biya ba, da duk yaron da gunduma ko wata ƙungiyar agaji ta ɗaure, ba ya cikin waɗannan littattafai, tun da babu harajin da za a karɓa.

Talakawa suna cikin wasu takardun ne, kuma abin lura shi ne takardun da suka fi bayyana asalinsu an rubuta su ne domin a rabu da talakawan. Dokar matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowace gunduma ciyar da gajiyayyunta daga kuɗin da masu gidaje da gonaki ke biya, dokar 1662 kuma ta kafa ƙa'idar haƙƙin zama, wato cewa kowane mutum yana da gunduma ɗaya tak da ta wajaba ta ɗauki nauyinsa, kuma ana iya mayar da shi can da ƙarfin doka. Ɗan halal yana gadon haƙƙin zaman mahaifinsa, mace tana ɗaukar na mijinta, ɗan da aka haifa ba da aure ba kuwa yana zama na gundumar da aka haife shi, abin da ya sa ake korar mata masu ciki zuwa ƙetaren iyaka kafin su haihu. Daga 1691 mutum yana iya samun sabon haƙƙin zama idan ya yi barantaka ta cikakkiyar shekara, ko ya riƙe muƙamin gunduma, ko ya biya harajinta, ko ya yi koyon sana'a a cikinta. Idan aka yi shakkar inda mutum ya dace, sai a gurfanar da shi gaban alƙalan yanki biyu, ya rantse, ya ba da labarin rayuwarsa: shekarunsa, inda ya ji an haife shi, inda mahaifinsa yake da haƙƙin zama, wanda ya koya masa sana'a da shekara nawa ya yi, gidajen da ya yi wa aiki da ladan da aka biya shi, cocin da ya yi aure, da sunayen 'ya'yansa da shekarunsu. Magatakarda ya rubuta duka a shafi ɗaya, mutumin ya yi alamar gicciye a ƙasa maimakon sa hannu. Babu wata takarda ta wancan zamani da ta kai wannan kusantar muryar talaka, ko da yake muryar ta fito ne a gaban masu neman hujjar ɗora shi a keken doki da iyalinsa a kai shi garin da wataƙila rabonsa da shi tun yana yaro.

Wannan ƙa'ida ita ce ta lalata koyon sana'ar marayu. Dokar 1601 ta ba masu kula da matalauta ikon ɗaure yaro har ya kai shekara 24, wanda aka rage zuwa 21 a 1778, yarinya kuma har 21 ko ta yi aure, kuma tun da koyo yana mayar da haƙƙin zaman yaro zuwa gundumar maigidansa, jami'ai suka gane cewa biyan 'yan famfamai ga wani maigida na nesa ya fi musu arha da ciyar da maraya. Sana'ar da ake rubutawa sau da yawa noma ce ko aikin gida, wato bauta ba lada da sunan koyo. Da masana'antun kaɗin auduga masu aiki da ƙarfin ruwa suka bayyana a kwarurukan arewa inda babu isassun ma'aikata, sai gundumomin Landan suka riƙa tura yara a cike da kekunan doki. Samuel Greg, wanda ya kafa masana'antar Quarry Bank a Styal a 1784, ya gina gida na musamman da ke ɗaukar irin waɗannan yara wajen casa'in. Robert Blincoe, maraya daga gidan matalauta na St Pancras, yana ɗan shekara bakwai aka tura shi tare da yara wajen tamanin zuwa masana'antar Lowdham kusa da Nottingham a 1799, daga baya aka mayar da shi Litton a lardin Derbyshire, inda ya sha duka da yunwa, kuma labarinsa da aka buga a 1828 ya taimaka wajen tayar da hankalin jama'a. Ya girma bai san iyayensa ba. A 1802 majalisa ta kafa dokar kare lafiyar yaran koyo a masana'antu, ta kuma wajabta wa gundumomi ajiye rajistar yaran da suka ɗaure, a 1816 kuma aka hana kai yaro nesa da mil arba'in ko ɗaure wanda bai kai shekara tara ba. Iyalai da yawa a Lancashire da Derbyshire da ke neman kakansu a ƙauyukan da ke kewaye ba za su same shi ba, domin sunansa yana cikin littafin wani gidan matalauta na Landan.

Akwai kuma waɗanda rajistar cocin gwamnati ba ta kama su yadda ya kamata ba. 'Yan ɗariƙar Baptist ba sa yi wa jarirai baftisma, 'yan Quaker suna da nasu littattafan tun shekarun 1650, 'yan Katolika sun daɗe suna ɓoye ibadarsu, ko da yake daga 1754 zuwa 1837 kowa sai ya yi aure a cocin gwamnati in ban da 'yan Quaker da Yahudawa. 'Yan Afirka da cinikin bayi ya kai Ingila suna fitowa a rajista da sunayen da iyayengijinsu suka laƙaba musu, kuma a 1731 hukumar birnin Landan ta haramta ɗaukar baƙar fata a matsayin yaran koyo a ƙungiyoyinta, ta rufe musu ƙofar sana'a, ta kuma rufe wa jikokinsu ƙofar bincike. Ukawsaw Gronniosaw, wanda ya ce a Borno aka haife shi kuma aka buga tarihin rayuwarsa a Bath a 1772, ya ba da labarin yadda limamai suka ƙi yi wa 'yarsa addu'ar jana'iza saboda ba a yi mata baftisma ba. Lamarin Olaudah Equiano ya fi ɗaure kai. A littafinsa na 1789 ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi aka sace shi yana yaro, amma rajistar cocin St Margaret da ke Westminster, inda aka yi masa baftisma da sunan Gustavus Vassa a Fabrairun 1759, ta rubuta cewa a Carolina ta Amurka aka haife shi, jerin ma'aikatan wani jirgin ruwa na 1773 ma ya faɗi haka. Vincent Carretta, wanda ya fito da waɗannan takardu, yana ganin sun jefa shakku a kan labarin, Paul Lovejoy kuwa, masanin da ya yi bincike a kan fataucin goro na Hausawa, yana ganin labarin Equiano ya fi ƙarfi. Abin da ya kamata a auna shi ne wanda ya ba magatakarda amsa a ranar, domin yaro bawa ɗan shekara goma sha biyu ba shi ke magana da bakinsa a gaban limami ba.

Saboda haka masu binciken da suka san aikinsu ba sa karɓar dacewar suna da shekara a matsayin hujja. Idan an sami baftismar da ake zato, sai an duba ko yaron bai mutu yana ƙarami ba, ko bai yi aure ya zauna a garinsu ba, ko babu wani mai irin sunansa a gundumomin maƙwabta, sannan a nemi takarda ta biyu mai zaman kanta, kamar wasiyyar uba da ta ambaci ɗa mazaunin Landan, ko takardar koyo, ko rantsuwar haƙƙin zama. Sauƙin intanet ya ƙara yawan kuskure, domin shafukan salsala suna barin mutum ya kwafi reshen wani ya liƙa a nasa ba tare da ya ga takardar asali ba, kuma sha'awar jingina da manya tana rinjayar hankali. Mutane da dama suna da'awar su jikokin James Cook ne, alhali 'ya'yansa shida duka sun rasu ba su bar zuriya ba, matarsa Elizabeth kuma ta rayu bayansu duka har 1835.

Tun bayan dokar coci ta 1978, wadda ta nemi a kai rajistocin da suka haura shekara ɗari ma'adanar takardu ta lardi sai dai in coci yana da wurin ajiya mai inganci, yawancin littattafan sun bar akwatunan coci, kuma ƙungiyar salsala ta Utah, wadda ta fara ɗaukar hoton takardu a 1938, tare da kamfanonin da suka biyo bayanta, sun sa miliyoyin bayanan baftisma da aure a kwamfuta. Takardun haƙƙin zama da na yaran gunduma ba su sami wannan gata ba. Sun tsira a wasu gundumomi sun ɓace a wasu, da yawa ba a jera sunayen da ke cikinsu ba, kuma idan gundumomi biyu suka yi jayayya a kan mutum ɗaya, shari'ar tana cikin kundin kotun lardi mai zama sau huɗu a shekara, inda har yanzu sai an warware ƙunshin takardun an karanta su ɗaya bayan ɗaya.